Inda Kaset Ɗin Ya Lalace

Shekarar da Baba ya ajiye aikin malamin gona, mun ɗauka zai tattara ya koma gonarsa ta Indabo mu sha iska. Ina! Wata safiya ya tafi Kano da niyyar sayo injin ban ruwa, da yamma ya dawo rungume da kwali, yana ta fara'ar mutumin da ya san ya yi ɓarna kuma ya shirya kare kansa. Abin da ke cikin kwalin bidiyo ne ɗan gwanjo, baƙi, mai nauyin tsiya, mai baki biyu. Bakin hagu yana haɗiye kaset irin na da, na dama yana zaro harshe a ɗora masa faifan dibidi. Abin da ya tafi da hankalin Baba shi ne injin yana iya kwashe abin da ke cikin kaset ya zuba a faifai. Inna ta dubi kwalin, ta dubi Baba, ta tambaye shi ko wannan ɗin ma yana jan ruwa daga kogi. Baba ya yi kamar da bango take.

Bayanin da ya zo da injin da wani yaren Turai aka rubuta shi, wanda ɗaliban jami'ar da ke haya a bayan gidanmu ma suka jujjuya suka dawo mana da shi. Baba ya ce mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa manoma zuba taki ba zai tsaya inji ya raina shi ba. Da danne-danne ya koya. Ya sa aka ɗinka wa injin riga, ya kafa dokar kada kowa ya taɓa, rimot kuwa ya koma zama a aljihunsa tare da goro da asuwaki. Har masallaci da shi yake zuwa. Abin da bai lura da shi ba shi ne akwai maɓallai a jikin injin da ba ruwansu da rimot.

Kaset ɗaya ne a gidanmu da ya isa a ji tsoro a kansa. Na bikin 'yar gwaggona ne da aka yi a tsakar gidanmu, kuma a cikinsa ne kaɗai Yaya yake motsi. Yaya shi ne ɗan farin Inna. Yana koyarwa a wata firamare, zazzaɓi ya kwantar da shi a daminar da ta biyo bayan bikin, bai tashi ba. Da a ce mun san haka za a yi, da mun sa shi ya saka babbar riga ya zauna ya yi wa mai bidiyo jawabi. To ba mu sani ba. Abin da ya rage mana na yayana a duniya shi ne ɗan taƙi inda yake tsaye a soro, baki cike da shinkafa, cinyar kazar da ba shi aka ajiye wa ba a hannu, yana korar mai ɗauka yana cewa, "Kai malam, ɗauke abin nan daga kaina!" Sai ya yi dariya har shinkafa ta fito. Shi ke nan.

Inna kuwa 'yar Kausani ce, irin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Tunda nake ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. "Yaron nan" ne, ko "yayanku". In ya shigo gaishe ta, sai aiki ya taso mata a madafi. In ya yi tafiya ba ta tambaya, sai dai ka ga ta dafa abin da yake so ta ce ita ke marmari. Lokacin da yake kwance ma bango take kallo ta tambaye ni ko an ba yayanmu magani. Da ya rasu ta zauna a kan tabarma ido a bushe, mata suna shigowa suna yaba dauriyarta, ni kuwa ina jin kamar in kore su da muciya.

Tsohon bidiyonmu ya daɗe da mutuwa, don haka kaset ɗin ya jima kwance a ƙarƙashin zannuwan Inna. Ranar da Baba ya yi bikin buɗe injinsa, shi aka fara sawa. Falo ya cika da maƙwabta. Aka sha dariyar ɗaurin ɗankwalin da aka daina yayi, aka ƙirga waɗanda suka yi ƙiba. Da mai bidiyo ya doshi soro, Inna ta miƙe ta ce tana jin ƙauri, alhali ko wuta ba a hura ba. Yaya ya fito, ya ci kazarsa, ya yi dariyarsa. Baba ya yi gyaran murya ya ce Allah ya jiƙan na gaba, aka ce amin, hoto ya koma wurin mata.

Ran Juma'a Baba tun da hantsi yake fita kasuwa ya je kara, wurin cinikin dabbobi, ya zaga shanun da ba zai taɓa saya ba, ya taya, ya yi musu, daga can ya wuce masallaci. Ni lokacin ina koyarwa, kuma Juma'a da wuri muke tashi. Wata rana na shigo ban yi sallama da ƙarfi ba, na ji motsi a falo. Na ɗaga labule. Inna ce durƙushe a gaban talabijin, kusa ƙwarai, ta rage murya sosai, rigar injin a kafaɗarta. Matar da take rantsuwa ba ta iya kunna rediyo ba, ga ta da babban yatsa a kan maɓallin tariya. Yaya ya yi dariya, ta tariyo. Ya sake yi, ta sake tariyowa. Hannunta ya san daidai inda zai saki maɓallin, wanda ya nuna min ba yau aka fara ba.

Da ta waiwayo ta gan ni, sai ta kama goge saman injin da bakin mayafinta.

"Ƙura ce ta yi masa yawa," in ji ta.

"Sannu da aiki, Inna," na ce.

Na wuce ɗaki na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni. Daga ranar na gane dalilin da ya sa duk Juma'a take tambaya ko an kawo wuta, wai don firji, firjin da ba komai a cikinsa sai ruwa da ragowar miyar kuka.

Ana haka labarin injin ya zaga unguwa. Kowa ya tono kaset ɗin aurensa da na sunan 'ya'yansa ya kawo, wasu da funfuna, wani har da kyankyaso ya yi gida a ciki. Baba ba ya karɓar ko sisi, amma abin da yake karɓa ya fi kuɗi ciwo, don naɗa kansa ya yi mai tace fina-finai. Kwafar tana ɗaukar tsawon kaset ɗin ne cif, dole a zauna a kalla, shi kuwa yana zaune da tabarau a karan hanci da yatsa a kan maɓallin tsayarwa. Da ya ji kiɗa, ya danna. Da mayafi ya zame, ya danna. Da ya ga wanda ba sa ga maciji da shi, ya danna, ya ce wurin ba shi da amfani. Bikin da aka wuni ana yi sai ya fito a faifai bai kai a sha kofin koko ba: jerin motoci, addu'a, da tsofaffi suna tauna goro. Wata maƙwabciyarmu ta dawo da nata faifan ta tsaya daga soro ta ce a tambayar mata Malam, shin ita ta halarci aurenta kuwa?

Sai kuma abin da ya faru da wani mahauci abokin hirar Baba. Injin yana da kibiya biyu, ɗaya daga kaset zuwa faifai, ɗaya daga faifai zuwa kaset. Mutumin ya kawo kaset ɗin dawowarsa daga aikin Hajji, ranar da aka yanka bijimi, aka tare shi tun daga gadar shiga gari. Ramin da ke kare kaset daga gogewa an daɗe da toshe shi da salatif. Baba ya danna kibiyar da ba ita ba, ya tafi alwala, a bakin dama kuwa akwai faifan kokawar Turawa da Baba ke cewa ba shi yake kallo ba. Da aka zo gwadawa, an ga Alhaji ya sauko daga mota da haƙorin Makka yana ɗaga hannu, sai wani ƙato da ɗan kamfai ya faɗo daga kan igiya, kuma bai tashi daga wurin ba har ƙarshen kaset. Alhaji ya yi salati. Baba ya ce ƙaddara ce, kuma dama kaset ɗin ba mai kyau ba ne. Mun yi dariya har da riƙe ciki, amma na lura Inna ba ta yi ba. Washegari na ga ta canza wa namu kaset ɗin maɓoya.

Bai hana asiri ya so tonuwa ba. Wata Juma'a masu wuta suka ɗauke tana tsaka da kallo, injin kuwa in ba wuta ba ya aman abin da ya haɗiye ko za a mutu. Na dawo na same ta tana zagaya falo tana leƙa bakin injin da cokali a hannu. Na karɓe cokalin. Da daddare da aka kawo wuta Baba ya kunna, kaset ya fito a hannunsa. Ya tambayi wanda ya taɓa masa kaya. Inna ta duƙufa a kan tsintar wake kamar za a ba ta lambar yabo. Na ce ni ce. Na sha faɗa mai rassa, daga tarbiyya har lalacewar zamani, kuma kaset ɗin ya koma durowar Baba mai makulli.

Kafin ya kulle sai da ya gwada shi, a nan ya ga ɓarnar. Ko'ina a kaset ɗin garau yake, in ban da wurin soro. Da an zo nan sai hoto ya kama rawa, zane-zane suna gilmawa, fari-fari kamar an watsa gero a fuskar talabijin, murya tana ja. Yawan tariya ya cinye wurin. Baba ya goge kan injin da auduga da turarensa na Juma'a, ya hura, ya bubbuga, bai gyaru ba. Ya ce ni na cinye shi. Sannan ya yanke hukunci a gaban kowa: ran Asabar ta makon gaba zai zuba kaset ɗin a faifai, ya cire wurin da ya lalace, shi kuma kaset ɗin a toshe raminsa a ajiye don ɗaukar tafsiri, tunda azumi ya matso. Inna ta ce to, ta tambaya ko a kawo masa ruwan wanke hannu.

Na same shi da safe a gindin darbejiyar ƙofar gida yana sauraron rediyo. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi kwana, na tambayi gajiya, na tambayi ƙafarsa da ke damunsa, har sai da ya gane da magana na zo.

"Baba, da an bar wurin Yaya ko da ya lalace."

Ya rage rediyon. Na ɗauka zai yi faɗa, sai ya yi magana a hankali, abin da ya fi faɗan tayar min da hankali.

"Ke yarinya ce. Ba kya ganin uwarki? Da an zo wurin nan sai ta tashi. Ni zan zuba mata abin da zai riƙa tayar mata da ciwo a faifan da ba ya gogewa? Mamaci addu'a yake so, ba kallo ba."

"Baba, ai tun yana da rai take tashi."

"Da kunya ce, yanzu ciwo ne. Na riga ki sanin matata."

Maganar tana bakina. Kalma kaɗan ce: ba ni na cinye kaset ɗin ba. Amma in na faɗa, na tsiraita ta a gaban mijinta, kuma na san ba za ta sake kusantar injin ba har abada, ko da Yaya yana ciki garau. Na tashi na shiga gida na same ta tana tankaɗe.

"Inna, kin ji abin da Baba zai yi."

"Kayansa ne."

"Ki yi masa magana mana. In ya goge shi ke nan fa."

Ta ɗago ta dube ni. Idonta ya yi ja, amma muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"In ce masa me?"

Ta ce in miƙo mata tsintsiya. Ranar na ji haushin kowa: ita, da Baba, da duk tsohuwar da ta fara ƙirƙiro wannan kunya ta bar mana gado. Mutum biyu a gida ɗaya, kowa yana tausayin ɗan'uwansa, kuma tausayin ne zai goge min yayana.

Asabar ta zo. Na yi addu'ar a ɗauke wuta da zuciya ɗaya, irin addu'ar da ban taɓa yi wa jarrabawa ba. Masu wutar nan da ba su taɓa cika alkawari ba, ranar suka zama mutanen kirki. Bayan la'asar Baba ya cire wa injin riga, ya sa tabarau, ya ɗora sabon faifai. Tun abin da ya sami Alhaji ba ya danna kibiya sai da shaida, don haka ya kira ni in duba. Na duba na ce ita ce. Inna tana zaune a bakin ƙofa, inda ta saba zama, tana ɓarar gyaɗa a tire.

Biki ya fara. Gwaggo ta shigo fili za ta taka, Baba ya danna, ya jira ta gama, ya saki. Masu kiɗan ƙwarya suka zauna, ya danna. Ni ba na ganin komai sai hanyar da mai bidiyo yake bi. Ya bar rumfar mata. Ya wuce bakin rijiya. Hoto ya fara rawa. Baba ya gyara zama ya ɗora yatsa a kan maɓalli. Inna ta ajiye tire ta miƙe kamar kullum, ta kama labule, ta sa ƙafa ɗaya waje. Sai ta tsaya. Ba ta juyo ba.

"Malam."

"Na'am."

"Langar nan da ke hannun yaron nan tawa ce. Mai jan fure. Tun ranar bikin ban sake sa ta a ido ba. A bar wurin, in mutanen gidan gwaggonsu suka yi min musu in sami abin nuna musu."

A talabijin ɗin, da ƙyar ake gane mutum ne tsaye, balle langa, balle furen da ke jikinta. Baba ya dubi hoton. Ya dubi bayan Inna, ya daɗe yana dubawa. Ya dubi wurin da kaset ya cinye, sannan ya waiwayo ya dube ni, na ga lissafin yana shiga masa a hankali. Ya ɗauke yatsansa ya ajiye rimot a kan tabarma.

"Ai kuwa langa ba abin wasa ba ce," in ji shi. "To zo ki zauna ki dube ta da kyau, kada a je a yi rigima a kan ta wani."

Ta saki labulen. Ta dawo ta zauna, ba a bakin ƙofa ba, a tsakiyar falo. Yaya ya fito cikin zane-zanensa, ya ɗaga cinyar kaza, ya kori mai ɗauka da murya mai ja, ya yi dariya. Karo na farko a rayuwata na ga Inna tana kallon ɗanta a gaban mutane, ido cikin ido, ba ta ƙifta ba. Hawaye yana zuba ta bar shi, don goge shi zai zama amsa laifi.

Da hoto ya koma wurin mata, Baba ya ce shi bai ga furen sosai ba. Ya tsayar, ya tashi da kansa ya tariyo, ya sake ɗauka. Ya ce murfin ma ya kamata a tabbatar. Ya sake. Har yau in ka sa faifan, wurin soro a jere yake zuwa, Yaya yana cin cinyar kaza ɗaya yana sake ci, kuma duk rawar da ta biyo baya tana nan ba a yanke ba, don mai tacewa ya cire tabarau ya kasa mayarwa. Maganar tafsiri ba a sake tayar da ita ba.

Bayan magariba Inna ta zuba tuwon Baba da hannunta ta ba ni in kai masa, a cikin langar da ake kai masa kullum, fara mai jan fure, gefen murfinta ya ɗan fashe. Na durƙusa na ajiye a gabansa. Ya ɗaga murfin, ya jujjuya shi a hannu, ya dube ni. Na dubi tabarma.

"Ki ce wa uwarki," in ji shi, "in an je gidan gwaggonku neman langar, a bi a hankali."

Ya jawo ruwa ya wanke hannu, ya yi bisimilla.